Daga Denba: Hannun Ɗan Wasa Ko Alherin Fili?

Masu son wasan besbol a Amurka ba su yarda a yaba wa ɗan wasa sai sun tambayi inda ya yi bugun. Dalili kuwa, filayensu ba ɗaya ba ne. Fenway Park na Boston, wanda aka buɗe a 1912, yana da katanga mai tsayin mita 11 a hagu, tana tare ƙwallon da a wani fili da tuni ta fice.

Nan Denba abin ya fi tsanani. Coors Field, da aka buɗe a 1995, yana kan tudu kusan mita 1,600 sama da teku. Iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa, mai jifa kuma ya murɗa ta ta ƙi lanƙwasa. A 1999 sau 303 aka buga ƙwallo ta tsallake katanga a wannan fili. Daga 2002 sai aka koma ajiye ƙwallayen a ɗaki mai laima don su rage tashi.

Wasannin kwamfuta irin su Out of the Park Baseball sun shigar da wannan cikin lissafi. Kowane fili yana da awonsa, ana samo shi ta gwada makin da aka ci a cikinsa da wanda aka ci a wasannin da ƙungiyar mai filin ta buga a waje. Ka ɗauke gwanin Denba ka kai shi bakin teku a San Faransisko, nan take bugunsa ya ragu, alhali hannunsa bai canza ba. Na ga tsofaffi suna gardama kan wannan har abinci ya huce.

Mu ma a Kabi mun san haka, ba mu dai rubutawa. Masunta a Argungu sun san shekarar da ruwan Matan Fada ya ja baya, sun san gurbin da giwan ruwa ke kwanciya, kuma wanda ya riga isa can da homarsa da gorarsa ya gama rabin aiki. Amma a bikin kamun kifi na Argungu da ya faro tun 1934, abin da ake shelantawa sunan gwani ne da nauyin kifi, sauran a ce rabo. Haka ƙwallon ƙafa a filin Haliru Abdu na Birnin Kebbi: wasan zafin Afrilu daban, na hunturu daban.

Rabo gaskiya ne, amma bai hana awo ba. Masu shirya bikin Argungu, ku riƙa rubuta zurfin ruwa da wurin kamu a gefen nauyin kifin kowace shekara.