Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A shekarar da wani sashen Hausa ya yanke shawarar ɗora mujallar ɗalibansa a intanet, aikin ya faɗo a wuyan wani ɗalibi na ajin ƙarshe, domin shi ne wanda hannunsa ya fi faɗawa da kwamfuta a duk ajin. Yaron nan ya yi aiki tuƙuru, ya tsara maƙalu da waƙoƙi da gajerun labarai, sa'an nan ya sanya mahaɗai a cikinsu, wato kalmomin nan masu launin shuɗi waɗanda idan an latsa su sai su kai mutum wani shafi dabam. Abu ɗaya ya yi wanda bai shawarci kowa ba: duk mahaɗin da ya sanya, sai ya umarce shi ya buɗe a sabon tab, ba a cikin shafin da ake karantawa ba. Hujjarsa kuwa ita ce kada baƙo ya shigo mujallar, ya bi wata hanya ya fita, ya manta bai dawo ba.

A cikin masu karatu na farko akwai wani dattijon malami wanda ya kusa ajiye aiki. Idonsa ya yi rauni, har sai ya yi amfani da manhajar ƙara girman rubutu, wadda ba ta nuna masa kome sai ɗan yankin fuskar kwamfuta da yake dubawa. Ran nan yana karanta wata maƙala a kan karin magana, sai ya ci karo da wata kalma da aka haɗa ta da ƙamusun Bargery na 1934, ya latsa, ƙamus ya bayyana. Da ya gama dubawa ya nemi kibiyar komawa baya, ya same ta ta dusashe. Ya latsa, shiru. Ya sake latsawa, shiru. Bai san cewa maƙalar tana nan a ɓoye a tab na farko ba, domin layin da yake nuna hakan yana can sama, inda idonsa bai kai ba. Daga ƙarshe ya rufe tagar gaba ɗaya, wurin da ya tsaya ya ɓace masa, haka kuma gyare-gyaren da ya fara rubuta wa mai maƙalar a wani shafin.

Kashegari ya aika aka kirawo ɗalibin. Bayan sun gaisa sai ya ce, "Ɗana, na shiga gidanka jiya, ka raka ni gidan maƙwabci, ka kuma toshe ƙofar da na bi. In haka ne, a bar ni da takarda."

Ɗalibin ya russuna ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai don kada a ɓace na yi haka."

Malam ya yi murmushi ya ce, "To, ga shi kuwa na ɓace."

Wannan gardama ta girmi ɗalibin nan da shekaru. Lokacin da Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba a 1989, manufarsa ita ce mutum ya riƙa bin mahaɗi daga takarda zuwa takarda. Manhajojin da suka yaɗu bayan haka sun riƙa sauya shafi da shafi a taga guda, suna ajiye sawun mai karatu, domin ya koma baya duk sa'ad da ya so. A tsakiyar shekarun 1990 ne kamfanin Netscape ya shigo da wata alama wadda take bai wa mai gina shafi ikon cewa mahaɗi ya buɗe a sabuwar taga. Nan da nan masu talla da masu kasuwanci suka rungume ta, har ya zamana mutum ya zauna minti goma a gaban kwamfuta, ya tarar da tagogi sun yi masa tsibi, bai san wadda ya buɗe da hannunsa ba. A 1999 masanin nan Jakob Nielsen ya lissafa buɗe sabuwar taga da lalata kibiyar baya a sahun gaba na manyan kurakuran masu tsara shafuka, yana mai nuni da cewa dabarar da ake yi don riƙe baƙo ita ce take hana shi dawowa.

Daga baya sai tab ya zo, wato shafuka da yawa a cikin taga ɗaya, kowane da ɗan kunnensa a sama, kamar kunnuwan fayil a durowar ofis. Opera ta daɗe da shi, Firefox ta yayata shi a 2004, Internet Explorer ta bi sahu a 2006. Wannan ya rage tarkacen tagogi, amma bai warkar da ciwon da ya dami Malam ba. Dalili kuwa shi ne, kowane tab da nasa tarihin. Sabon tab jariri ne, ba shi da jiya, saboda haka kibiyar bayansa ba ta da inda za ta mai da mutum. Wanda idonsa yake da kyau zai hangi kunnen da ya ƙaru a sama ya gane abin da ya faru. Makaho kuwa, wanda manhaja take karanta masa rubutu, da mai raunin gani, da wanda bai saba ba, sai su tsinci kansu a wani wuri ba tare da an yi musu sallama ba. Har wa yau, a wayar hannu, wadda da ita ɗalibai da yawa suke karatu, kunnuwan ma ba a jere suke ba, wata 'yar lamba ce a kusurwa take ƙaruwa a ɓoye.

Amma fa ɗalibin bai rasa abin faɗa ba. Ya ba Malam labarin wata 'yar ajinsu wadda ta ɓata kusan awa guda tana cike takardar neman tallafin karatu a wani shafi. Da ta zo ƙarshe sai ta ga an ce ta karanta sharuɗɗa, ta latsa, sharuɗɗan suka buɗe a kan takardar. Ko da ta koma baya, duk abin da ta rubuta ya goge, ga kuɗin data ya tafi, ga ranar rufewa ta zo. A nan, in ji shi, sabon tab ne zai yi mata rana. Malam ya amsa cewa wannan gaskiya ne, abincin wani gubar wani. Wanda yake tsakiyar cike takarda, ko yake sauraron wata murya da za ta katse in ya bar shafin, yana da haƙƙin a kare masa aikinsa. Ko ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga naƙasassu, waɗanda ƙungiyar W3C ta fitar a 2008, ba su haramta buɗe sabuwar taga ba. Abin da suka ƙarfafa shi ne kada a sauya wa mutum wuri ba da saninsa ba, a faɗa masa tun kafin ya latsa.

To, ashe tambayar ba ta wace hanya ta fi kyau ba ce, tambayar ita ce, wa ya kamata ya zaɓa? A nan ne ma'auni ya rinjaya gefe guda. Idan mai gina shafi ya bar mahaɗi yadda yake, bai ƙwace wa kowa kome ba. Mai son sabon tab sai ya danne maɓallin Ctrl ya latsa, ko ya danna ɗan gargaren da yake tsakiyar linzami, ko kuwa, in a waya ne, ya ɗora yatsa a kan mahaɗin ya daɗe har zaɓi ya fito. Amma idan aka tilasta sabon tab, wanda ba ya so ba shi da wata hanya mai sauƙi ta ƙi. Na farko ya bar ƙofa biyu a buɗe, na biyu ya kulle ɗaya ya sa mabuɗin a aljihunsa. Daɗin daɗawa, mai gina shafi bai san wanda zai zo masa ba, ko mai ido ne ko makaho, ko mai babbar kwamfuta ne ko mai tsohuwar waya da take nishi da shafuka uku. Mai karatu kuwa ya san kansa.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin hujjar ɗalibin wanda shi kansa bai lura da shi ba sai da Malam ya taɓo shi. Tsoron kada baƙo ya tafi tsoro ne na mai gida, ba buƙatar baƙo ba ce. A al'adar Bahaushe, mai gida yakan raka baƙonsa har ƙofar zaure, wani lokaci har bakin hanya, amma ba ya ɓoye masa takalmi don ya daɗe. Abin da yake dawo da baƙo shi ne abin da ya tarar a gidan. In maƙala ta yi daɗi, mai karatu zai komo ya ƙarasa ta ko da ta wace hanya ya fita, in kuwa ba ta yi ba, barinta a buɗe a bayan fage ba zai sa a karanta ta ba.

A cikin makon nan ɗalibin ya bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya ya cire umarnin. Wuri biyu kaɗai ya bari: shafin da ake aiko da maƙala, da wanda ake sauraron karatun waƙoƙi. A nan ma ya rubuta a gefen kowane mahaɗi cewa zai buɗe a sabon tab. Sa'an nan ya koma ofishin Malam ya nuna masa yadda ake danne Ctrl.

Abin mamaki, tun daga ranar, duk sa'ad da Malam zai karanta mujallar, da hannunsa yake buɗe ƙamus a tab na biyu, ya riƙa kai da komowa tsakaninsa da maƙala. Wani abokin aikinsa ya tsokane shi ya ce, ai wannan shi ne abin da ya yi ƙorafi a kai. Malam ya gyara tabarau ya ce, "A'a. Wancan tura ni aka yi, wannan kuwa da ƙafata na shiga, na kuma san hanyar fita."