Ƙafar baka da gwame a tsakanin 'yan makaranta

Ni tela ne a nan Malanville, kuma duk shekara idan an kusa komawa makaranta yara da yawa nake auna wa kaki. Mai auna wando ba ya rasa ganin gwiwa. Akwai yaron da idan ya haɗa ƙafafunsa gwiwoyin ba sa haɗuwa, wato ƙafar baka. Akwai kuma wanda gwiwoyinsa ke gogar juna, idon sawu ya ware, shi ne gwame.

Idan na yi wa iyaye magana, amsar ba ta wuce uku: gado ne, ko goyo ne ya yi yawa, ko an tsayar da shi da wuri. Wata tsohuwa ma ce mini ta yi, "Ɗan nan, bar shi, zai miƙe." Kuma tana da gaskiyarta. Jariri da 'yar ƙafar baka ake haifarsa, ta miƙe wajen shekara 2, daga nan ya ɗan yi gwame a shekara 3 zuwa 4, kafin shekara 7 ya daidaita. Amma yaron da ya kai shekara 8 ƙafarsa na ƙara lanƙwashewa, ko ƙafa ɗaya ce kawai ta karkace, ko yana kukan ciwo, ko wuyan hannunsa ya kumbura, wannan ba na jira ba ne.

Turawa sun daɗe suna cewa rashin hasken rana ke sa ƙashin yaro ya yi laushi. To, mu rana ce muka rasa? A Jos ta Nijeriya, likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun bi yara 123 masu wannan cuta, suka fitar da sakamako a 1999. Sun tarar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, shi ne ya yi ƙaranci a abincin yaran, wajen miligiram 200 kawai a rana. Waɗanda aka ba kalsiyam na mako 24 sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai samun sauƙi. A 2015 kuma suka nuna garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa ma yana warkarwa.

Nan ne abin ya dame ni. Muna bakin kogin Kwara, kifi har Gaya ake kai shi, Fulani na shigo da nono, kuka kuwa ba ta da tsada. Amma yaro da an yaye shi, sai koko da safe, tuwon masara da dare. Kifin miya na maigida ne, ƙayar kuma ta kyanwa.

Uwa ta daka ƙananan kifi da ƙayarsu ta zuba a miyar yara. Wanda ƙafarsa ta riga ta karkace a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi tun yana ƙarami, domin idan ya girma a haka, sai dai a yi masa aiki.