Sassaƙen Wilo a Ƙasar Tafkuna

Daga Helsinki jirgin ƙasa ya yi arewa da mu, in ba daji ba tafki, har muka isa Jyväskylä a tsakiyar Finland. Duk inda ƙasa ke da laima, bakin tafki ko gefen lambatu, sai ka ga itacen wilo ya yi cunkus. Na tarar sanyi ya fara sassautawa, rassansa sun fid da toho mai laushi, ruwan toka. Irinsu yara ke yi wa ado da gashin tsuntsu, su bi gida-gida gabanin bikin Ista ana ba su alewa.

Ɓawon itacen ne ya kai ni. Sunansa ya daɗe da fita wajen zazzaɓi da ciwon jiki: a 1828 Johann Buchner ya ciro sinadarin salisin daga cikinsa a Munich, hanyar da ta kai ga asfirin ɗin Bayer a 1897.

A jami'ar garin kuwa, Farfesa Varpu Marjomäki da abokan aikinta ƙwayoyin cuta suka sa a gaba. Aikin ba wani ɓoyayyen sirri ba ne. A sassaƙo ɓawon, a daskarar, a niƙa, a jiƙa da ruwan zafi, kusan yadda ake jiƙon maɗaci a gida. Bambancin yana wajen awo. A 2021 an gwada jiƙon iri 16 na wilo, ya yi tasiri kan bakteriyar Staphylococcus aureus, mai sa maruru, da E. coli. A 2023 suka nuna yana hana korona da ƙwayoyin entero, dangin shan-inna, kama ƙwayoyin halitta. Korona wargaje ta yake yi. Entero kuwa kulle ta yake, ta kasa sakin abin da ke cikinta.

Abin da ya fi burge ni, da suka gwada salisin shi kaɗai bai yi wannan aikin ba. Wato ƙarfin yana wani wurin, wataƙila a haɗuwar sinadarai da dama, kuma ba su yi gaggawar cika baki ba.

Mai karatu, duk wannan a ɗakin gwaji aka gani, ba a jikin majiyyaci ba. Kuma wanda asfirin ba ya karɓarsa, da ƙananan yara, su nisanci sassaƙen wilo.