Yaya, a Bar Auta a Kolej



Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da iyali duka. A gaida mini Inna, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa. Yaya aka ji da aikin kaka? Mu nan Lil ta Faransa sanyi ya fara shigowa, amma kowa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na saurari saƙon muryar da ka turo a kan Auta. Na ga gara in amsa a rubuce, domin maganar ta fi ƙarfin WhatsApp, kuma idan ka ga ya dace kana iya karanta wa ƴan kwamitin iyayen yara tunda kana cikinsu. Ka ce zai maimaita sankiyam, ka ce kansa ba ya ja, gara a kai shi garejin babura a Maraɗi tun da sauran lokaci. Kai ne babba, kai ke ganinsa kullum, ba zan yi jayayya da kai ba. Sai dai ka yi mini haƙuri in faɗi nawa. Yaron da ya kwance famfon feshi ya mayar da shi yana aiki, yaron da yake gane akuya ba ta da lafiya tun kafin ta bar cin abinci, ba a ce masa kansa ba ya ja. Abin da ya ƙi shiga kansa shi ne rubutun da ake kwafa daga allon aji, cikin harshen da ba wanda yake yi masa magana da shi sai mushe, wato malamin aji.

Bari in ba ka labarin abin da na gani a nan. Tsarin kolej ɗinsu irin namu ne, siziyam zuwa turwaziyam, tunda daga wurinsu muka gaje shi. Ɗiyata tana sankiyam aka yi musu darasin tace ruwa. Malamar ta kawo ruwa mai laka, ta raba su huɗu-huɗu, ta ba kowane rukuni yankakkiyar gorar roba, da rairayi, da tsakuwa, da auduga, da gawayi. Ba ta gaya musu yadda ake jerawa ba. Ta ce kowa ya fara rubuta abin da yake zaton zai faru. Su ɗiyata suka sa tsakuwa a ƙasa ba auduga, rairayin ya bi ruwan ya sauka, abin ya fito ya fi na da dauɗa. Malamar ba ta karɓi gorar ta gyara musu ba, tambaya kawai ta yi: ta ina rairayin ya bi? Da suka sake jerawa ruwa ya fito garau, sai ta ba su ruwan gishiri su tace. Ya fito fes a ido, gishirinsa na nan bai je ko'ina ba. A nan suka gane da kansu bambancin abin da ya narke da abin da ya gauraya kawai, suka kuma gane cewa hasken ruwa ba shi ne tsabtarsa ba. Zaton farko da ya zama kuskure yana nan a littafinta, ba a goge shi ba, ba a kuma rage mata maki a kansa ba. Da ta dawo gida sai da ta sake yin abin gaban uwarta.

Wannan salon ba da shi suka taso ba. Wani masanin kimiyyarsu, Georges Charpak, wanda ya samu kyautar Nobel a 1992, shi da abokansa suka kafa shiri a tsakiyar shekarun 1990 domin yara su riƙa gwaji da hannunsu, aka fara a firamare, daga baya ya kai kolej. Haka kuma duk ɗan turwaziyam sai ya bar aji na mako guda ya je ya zauna wurin masu sana'a, gidan burodi ne ko gareji ko asibiti, ya dawo ya rubuta abin da ya gani. Ba kowane malami ke yi da gaske ba, su ma suna kuka da makarantunsu. Amma abu biyu sun zauna mini a rai: tambayar yaro ba rashin kunya ba ce, kuma aikin hannu a makaranta ba horo ba ne.

Na biyun ne ya fi yi mini ciwo. Ka tuna zamaninmu akwai awar aikin hannu a jadawali. Me ta zama? Shara, ɗebo ruwa, noman gonar wani babba, kuma wanda ya makara ko ya kasa bita shi ake fara turawa. Da haka aka koya mana cewa hauya ta wanda ya faɗi ce, alƙalami na wanda ya ci. Har yau yaro ɗan shekara goma sha uku zai yini yana taimakon ubansa a gona, washegari ya shiga aji yana ɓoye kantar hannunsa. A waɗannan shekarun ne fa, daga sha ɗaya zuwa sha biyar, jikin yaro ke neman motsi, zuciyarsa ke neman a ce masa ya iya wani abu. Idan makaranta ba ta ce masa haka ba, tasha za ta ce masa, ko hanyar Agadas.

Abin da ya sa nake da ƙwarin gwiwa, Yaya, shi ne ƙasarmu ta riga ta ga amfanin koyo ta hanyar gwaji, manya ne kawai aka yi wa, ba yara ba. Dubi sassaben zamani. Bayan yunwar 1984, wadda Inna ke kira El-Buhari, gonakinmu sun zama fili fetal. A farkon shekarun 1980 ne Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturen da ake sarewa duk shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba a aji aka koyar da abin ba. Manomi ya tsaya gaban kututturen kalgo ko sabara, ya zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran da kaifin gatari daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage, maƙwabci ya gani, ya jira damina biyu, shi ma ya yi. Ƙauyen Ɗan Saga na Agiye ya yi suna a kan haka, da kwamitin tsaron itatuwa wanda har mata da makiyaya suke ciki, baƙi daga wasu ƙasashe suna zuwa gani. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, a kudancin Nijar. Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa duk wanda ya bi babbar hanya yana ganin abin da idonsa. To yaron da ya taso cikin wannan, ya shiga kolej ana karanta masa rayuwar tsirrai daga littafi, ba wanda ya ce masa ya leƙa ta taga.

Ga abin da nake nufi a aikace, kuma ba ya cin kuɗi. Malamin kimiyya ya fita da aji zuwa gonar da ke da gawo. Yara su auna taki goma a ƙarƙashin gawon, su auna taki goma can nesa da shi, su ƙirga zangarniya, su sussuka, su auna da tiya. Su tambayi mai gonar me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina lokacin da kowane icce ke tofo, kuma me hakan ke yi wa hatsin da ke gindinsa. Malamin lissafi ya karɓi alƙaluman ya yi darasin kaso cikin ɗari da su. Ko kuwa wake: a zuba tiya ɗaya a buhu, a zuba ɗaya a jarka a cika ta a toshe bakinta sosai, kowane yaro ya rubuta zatonsa, bayan wata biyu a buɗe a ƙirga ƙwayoyin da ƙwaro ya huda. Darasin numfashi ke nan gaba ɗaya, domin rashin iska ne ke kashe ƙwaron, kuma dabarar buhun nan mai ruɓi uku ce, wanda masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka. A irin wannan darasin Auta ne zai zama na gaba, sauran su biyo shi. Yaron da ya taɓa ɗanɗana zama na gaba, ko sau ɗaya ne, yakan yi haƙuri da darussan da ke ba shi wuya.

Na san abin da mushe zai ce, kuma yana da gaskiya. Aji ya cika maƙil. Wasu azuzuwan rumfunan kara ne, ba a kafa su sai an gama girbi, shekara ta riga ta yi nisa. Da yawa daga cikin malaman ƴan kwantiragi ne, kuma jarrabawar BEPC ba ta tambayar wa ya iya auna gona. Shi ya sa ban ce a sauke masa wani sabon kaya shi kaɗai ba. Kwamitinku yana da tsofaffin manoma, akwai maƙeri, akwai tela, akwai matan da ke matsar man gujiya. Yammaci ɗaya a mako ya isa, da sharaɗi guda: abin da aka yi da hannu a dawo aji a rubuta shi, a lissafa shi, a ba shi maki. In ba haka ba za mu koma shara da ɗebo ruwa. Kuma a bar yara su yi muhawarar da Hausa kafin su rubuta da Faransanci. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, ga shi a 2025 an rubuta ta a matsayin harshen ƙasa. Babu dalilin da yaro zai yi shiru da tambayarsa don bai san yadda ake faɗinta ba.

Wannan maganar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan kusa da mu. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya soki makarantar Turawan mulki da raba yaro da rayuwar mutanensa, sannan shi da kansa ya koma gida yana ƙera na'urorin da ke aiki da zafin rana. Ko makarantar allo ka duba: almajiri shi ke fiƙe alƙalaminsa, shi ke dafa tawadarsa da ƙaro, kuma kowa yana inda ƙarfinsa ya kai, malam ba ya jan kowa da igiya ɗaya.

Kada ka ɗauka komai na nan ya burge ni. Akwai abin da ba na so ya je gida ko a mafarki. Na ga yaro ya ɗaga wa malami murya ba wanda ya yi mamaki. Waya ta cinye su har sai da aka kafa dokar hana ta a kolej a 2018. Akwai ɗan shekara sha huɗu da bai taɓa goya ƙani ba, bai taɓa kai wa tsoho ruwa ba, kakarsa tana gidan tsofaffi ana ziyartarta jefi-jefi. Rabin abin da makarantarsu ke wahalar koyarwa, wato yaro ya ɗauki nauyin wani abu, namu sun samu a gida kyauta. Kullum ina fama da ɗiyata a kan gaisuwa da durƙusawa, kuma ba zan daina ba. Amma na daina ce mata ta yi shiru idan ta tambaye ni dalili. Tana iya rusunawa ta gaishe ni, sannan ta ce, Baba, ban gane ba, me ya sa? Ban ga inda ɗaya ya ɓata ɗaya ba.

Garejin ba laifi ba ne, sana'a ce mai albarka. Idan hutu ya zo ya je ya koya, ni zan biya kuɗin mota. Amma bakanike mai BEPC yana karanta takardar inji, yana rubuta bashi, yana iya shiga makarantar fasaha in ya so. Ka ba shi wannan shekarar. Kuma abin da na faɗa a kansa ya shafi ɗiyarka da za ta shiga siziyam baɗi; in za a fita auna gona, da ita za a fita.

Zan aiko da ɗan abin da za a sayi sikeli da igiyar awo da jarkoki ta hannun wanda ya saba kawo muku saƙo, a ba kwamiti, ba gida ba. Ka yi magana da darakta tukuna kafin taro, kada ya ji kamar an tsallake shi. Ka sanar da ni abin da ya ce.

A gaida Inna da kyau, a gaida matanka da yara, da Liman da mutanen unguwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
daga Lil, Faransa.