Daminar da Muka Sauke Injin Baba a Ƙofar Gida

Daminar 1994 ta zaunar da masu mota a Kaduna. Tun watan Yuli ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki kan rikicin zaɓen 12 ga Yuni, gidajen mai suka bushe, galan ɗaya a hannun 'yan bumburutu ya zama sai wane da wane. Motar Baba, farar Peugeot 504, tana ajiye ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidanmu a Tudun Wada. Baffa, yayan Baba, ya ce tunda dai ba inda za ta, ga lokacin yi mata aikin da ta daɗe tana nema.

Ciwonta ba ɓoyayye ba ne. In ta zo hawa, Baba ya taka totur, inji ya yi ta kuka amma motar tana jan ƙafa, ga ƙauri yana shigowa ta taga. In za a tashi a giya ɗaya sai ta karkaɗa kowa. Da safe kuwa, wani sa'in a murɗa makulli kik ya yi ƙarar niƙa bai kama ba. An taɓa canza mata filet ɗin kuloci a wani gareji, ba a je ko'ina ba ciwon ya dawo. Kuɗin komawa babu. Tun da aka karya darajar naira a 1986, albashin malamin makaranta bai sake riskar farashin kayan mota ba.

Baffa ya yi shekaru yana aiki a kamfanin harhaɗa Peugeot na Kakuri, wanda ya fara fitar da motoci a 1975, saboda haka 504 ba ta da sirrin da za ta ɓoye masa. Ya saurari Baba har ya gama, sannan ya ce, "Filet suka canza maka, suka bar fulawil. Aikin banza ke nan."

A 504 furofela a cikin bututu take, haɗe da bayan motar, sauke giyabos ta ƙasa ba tare da rami ba wahala ce tsantsa. Sai Baffa ya zaɓi ɗaga injin. Aka aro sarƙar ɗaga kaya da bututun ƙarfe uku aka kafa. Ni da yayana muka zama yaran gareji: cire batir, zubar da ruwan lagireto, kwance salansa. Kowane noti Baffa ya sa mu jefa shi a gwangwanin madara daban, da alamar alli. Injin 504 a kishingiɗe yake, ba a tsaye ba, da ƙyar aka samu ya daidaita a sarƙa. Hadari na haɗowa sai mu ruga da tamfol.

Da aka kwance murfin kuloci, yayana ya cika baki da iska zai hure baƙar ƙurar. Baffa ya daka masa tsawa. "Kul! Wannan ƙurar in ta shiga huhu ba ta fita." Da jiƙaƙƙen tsumma muka goge. Filet ɗin wancan zamani da asbestos ake yin yawancinsu.

Sannan Baffa ya kira Baba. Fuskar fulawil ta yi tabo shuɗi-shuɗi inda zafi ya ƙona ta, ga ƙananan tsaguwa, ga zobba da kan kusoshin tsohon filet suka sassaƙa. Ya kama yatsana ya ja farcena a kai, na ji yana tuntuɓe. Ko wane sabon filet aka ɗora a kan wannan fuskar, ba zai zauna daidai ba, cinye shi za ta yi. Ya juya ta ya nuna mana haƙoran gefe da kik ke kamawa: sun cinye a wuri biyu masu kallon juna, saura lafiya lau. Inji mai silinda huɗu in an kashe shi kusan a wuraren nan biyu yake tsayawa, don haka nan kik ke sara kullum.

A kasuwar Panteka muka samo wata fulawil ta hannu. Baffa ya tsuguna ya ƙirga haƙoranta, ya ɗora bakin rular ƙarfe a fuskarta yana leƙen haske, mai kayan yana ta rantsuwa shi ko bai ɗago ba. Filet da murfi da boris kam sababbi ya sa Baba ya saya, ya ce boris ya fi komai araha, amma in ya mutu sai an sake sauke inji.

Wurin ɗaurawa ne na ga aiki. Aka tokare haƙoran da ƙarfe don kada ta juya, Baffa yana ɗaure kusoshin a gicciye, wannan sannan na gabansa, kaɗan-kaɗan. Cokali 'yan kaɗan na fetur ya tsiyayo daga tankin ya goge maiƙon fuskar, Baba yana kallo kamar jininsa ake ɗiba. Sai saita filet a tsakiya. Da guntun sandar tsohon giyabos ya yi, ya zura shi ta ramin filet har cikin karanshaf kafin ya ɗaure murfi. In filet ya kauce ko da kaurin farce ne, inji ba zai shiga giyabos ba, mai gajen haƙuri kuma sai ya ja shi da noti ya lanƙwasa filet. Namu ma ya yi gardama. Baffa ya sa motar a giya, ya ce in riƙa juya injin a hankali da sufana, shi yana girgiza shi, har muka ji ƙwas, ya zauna.

Galan ɗaya Baba ya sayo don gwaji. Kik ɗaya ta tashi, ta bar gindin darbejiya ba karkarwa. Baffa na gefe, mu muna baya. Ba mu kai bakin titi ba ya leƙa ƙasa.

"Malam, ɗauke ƙafarka daga kan kuloci. Ba matashi ba ne."

"Yaya, ai ban taka ba."

"Ka taka. Haka ka ƙona wancan."