Abu Uku Kafin Barci

Mu biyar ne, kuma babu wanda bai san ɗanɗanon maganin tari ba a cikinmu. A da majalisarmu tana bayan wani kango a unguwarmu a Kano, inda muke juye kodin cikin robar lemo don kada a gane. A watan Mayun 2018, bayan BBC ta fitar da bincikenta, gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Mu dai abin da muka gani shi ne kwalba ta yi tsada, sai muka koma tiramol.

Ba rana ɗaya muka daina ba. Wani sai da aka kwantar da shi a asibiti, wani kuma ranar da ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa ya ji tsoron kansa. Makon farko azaba ne: ciwon gaɓoɓi, zufa, hamma, gudawa, ga barci ya ƙaurace. Amma wannan yana wucewa. Abin da ya fi daɗewa shi ne duniya ta zama salam. Abinci ba daɗi, hira ba armashi. Likitan da ke duba ɗayanmu ya ce ƙwaƙwalwar da ta saba da daɗin ƙwaya takan daina jin ƙananan daɗi, sai a hankali take sake koyo. Ya ba shi shawara ya riƙa rubuta abu uku da ya gode wa Allah a kansu kowane dare.

Da ya kawo mana maganar, dariya muka yi. Wa zai koya wa Bahaushe godiya? Ko a buge muke, aka ce "ya aiki?" cewa muke "da godiya". Sai babbanmu ya ce to ai matsalar ke nan, baki ne ke faɗa, zuciya ba ta wurin. Muka sayi littafi irin na 'yan firamare, muka sa ƙa'ida biyu: dole ka ambaci abin da sunansa, kuma ba a maimaita na jiya.

Dararen farko da ƙyar muke cika ukun. "Na ci tuwo bai dawo ba." "Na yi barcin awa huɗu." Wata biyu da farawa, ƙaraminmu ya karanta nasa bayan sallar isha'i: "Yau Inna ta shiga maƙwabta ta bar jakarta a tsakar gida." Babu wanda ya yi magana. Dukanmu mun san shekara nawa iyayenmu mata suka yi suna kwana da kuɗin cefane ƙulle a bakin zane saboda mu.

Daga baya muka ji cewa a 2003 wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun gwada irin wannan. Waɗanda suka riƙa rubuta abin godiya sun fi jin daɗin rayuwarsu a kan waɗanda suka riƙa rubuta abin takaici. Mu namu amfanin ya fi bayyana idan ƙawar ƙwaya ta taso. Takan zo ne da magana ɗaya: kai da ka riga ka lalace, me za ka rasa? A lokacin sai mutum ya buɗe littafin. Ga makullin shago da maigida ya fara bar masa, ga 'yarsa da ta yarda ta yi barci a cinyarsa.

Littafin bai maye gurbin likita ba, kuma bai hana tuntuɓe ba. Ɗayanmu ya yi wata bakwai bai sha ba, sai ya koma a wajen bikin abokinsa. Kwana tara ba mu gan shi ba. Ranar da ya dawo ya zauna a ƙarshen dakali, kansa a ƙasa. Babbanmu ya miƙa masa biro, ya ce, "Ƙanena, naka muke jira."

Abu ɗaya ya iya rubutawa: "Na zauna, ba wanda ya tashi." Muka ce ya isa na yau, gobe ya kawo uku.