Asabar a Ann Arbor da Yaro Ɗan Shekara Huɗu

Ranar Asabar a lokacin kaka, garin Ann Arbor na jihar Michigan ta Amurka yakan rine da rawaya da shuɗi. Jama'a na ɗunguma zuwa filin wasan Jami'ar Michigan, wanda aka buɗe a 1927, mai ɗaukar mutum sama da 107,000. Ƙwallon ba irin tamu ba ce; ta Amurkawa ce, ta kwalkwali da bangaje-bangaje, ɗalibai ne kuma ke bugawa.

Na tafi da ɗana mai shekara huɗu, kuma gangancina ne. A lissafi wasan minti 60 ne, amma agogon kan tsaya bini-bini, har a haura awa uku ana zaune kan benci marar majingina, sanyi na ratsa ƙashi. Da filin ya ɓarke da sowa a karon farko, sai yaron ya toshe kunnuwa ya cusa kai cikin rigata. Makaɗan jami'ar da suka fito lokacin hutun rabin lokaci ne kaɗai suka sa shi dariya.

Gefenmu wani dattijo ne da jikarsa, wadda ba za ta wuce shekara takwas ba. Tana ƙidaya maki, tana yi masa gardama kan hukuncin alƙalin wasa. A ganina nan ne mizanin: bakwai ko takwas, lokacin da yaro ke iya bin wasa da jure zama.

Mu dai tun kafin kashi na huɗu muka fice, yana barci a kafaɗata.